Mai Masauki

Ƙarfe biyun dare a Gombe,
ashirin da takwas ga wata.
Lamela ya ɓingire kan kujera, takalmi ɗaya a ƙafa.
Ni da injin kaɗai ne ido biyu
a ɗakin da ya fi cikin randa sanyi.

Akwati guda ne, tsayinsa ya kai ƙyaure,
amma baƙi sha bakwai ke kwana cikinsa,
kowanne zai rantse gidan nasa ne.
Na albashi, na fansho, na asibiti,
da wani ɗan tsurut mai lissafin taki
da aka manta wanda ya girka shi.
Ba su taɓa gaisawa ba.
Mai masauki ne kawai ya san
faifai ɗaya suke wa rububi.

Yau duk sun miƙo hannu tare.
Na zuba wa allo ido, layi na tsawo,
sai ga Goggo Jebbu a raina,
bakin injin niƙanta a Kumo,
kwanuka jere har bakin kwata.
Riga zuwa ba ya sa ta rawar jiki.
Masu gero sai ta haɗa su,
ta gama da busasshe kafin markaɗe,
mai majinyaci a gida ya tsallake layi,
amma ba ta barin yaro ya ƙone a rana
don kawai kwanonsa ƙarami ne.

Haka shi ma.
Masu duba rubutu, ku shiga tare, hanya takwas ce.
Masu rubutu biyu a gurbi ɗaya?
Kai, dakata, ɗan'uwanka ya ɗaga alƙalami.
Ƙofa ta cushe, sai ya aro wata
daga faifan da ke hutawa,
ya maido ta kafin a yi cigiya.

Ɗan tsurut ɗin nan na sa wa ido.
Sau uku manya suna wuce shi.
A na huɗu aka buɗe masa.
Ban san lokacin da na ce madalla ba.

Da asuba wayoyi za su yi ƙara a Bolari da Pantami,
malamar firamare ta aika a auno shinkafa.
Ba mai tambayar wa ya tsara layin.
Goggo ma, har ta koma ga Allah,
gari ne fal a girarta.

Na tashi Lamela. Shayinmu ya huce.