Hamsin da Ɗaya

A bakin tafkin Lagdo, rana ba ta ɗaga ba,
suka rubuta mini lamba a dantse.
Hamsin da ɗaya. Na yi dariya,
wa ya gaya musu shekaruna?

Samarin da na ɗinka wa iyayensu kayan suna
suka sulale cikin ruwa kamar tarwaɗa.
Ni ina baya, ina kurɓar tafki ba da niyya ba,
ina roƙon Allah ya sa dorina ta yi nisan kiwo.

Keken na Garga ne, ƙanin matata,
sirdinsa ya saba da wani mazauni, ba nawa ba.
Shekara talatin ina taka keke a shago
ban matsa ko taku ɗaya ba.
Yau na taka, sai ga gonakin auduga
suna wucewa ta gefen kunnena.

Gudu ne ya tona asiri.
Gwiwar hagu ta shigar da ƙara,
tumbi ya tsaya mata shaida.
Mai gasa masara a bakin hanya ta ce,
"Baba, wa ya koro ka?"
Da ina da numfashi, da na ce likita.

Na iso ana kwance igiya,
masu kiɗa sun tafi cin kifi.
Sai Kaltume, autata, da ruwan leda mai sanyi.
Ta ce, "Akwai mutum biyu a bayanka."

Na zauna kan dutse, ban cire takalmi ba.
Ai ko mutum ɗaya ya kamata su tarar
yana tafa musu.