Daren Talatin ga Satumba

A Washington, hawa na huɗu, gabas da majalisa,
Odessa Pruitt ta ɗaure kwalaye bakwai da igiya.
Sha biyun dare wa'adin hukumar 'yancin addini zai cika,
in ba a sabunta dokar ba, gobe ofis ya zama kango.

Kwali na takwas ta bar shi a buɗe.
Sunaye ne ciki, kowa da katinsa:
mai gyaran agogo da aka kama da littafin addu'a a aljihu,
'yan'uwa biyu da suka yi waƙar ibada a madafa,
da malamin lissafi
wanda ya ce shi bai yi imani da komai ba.

A talabijin ana ja-in-ja kan waƙafi.
Wannan ya ce shekara biyu, wancan ya ce huɗu,
a rage tafiye-tafiye, a riƙa kawo rasit.
Ta ce: ba laifi, a kawo,
amma wa zai ba mai agogo rasit na shekara tara?

Sha ɗaya da kwata aka ƙirga ƙuri'u.
Shekara biyu.

Shayinta ya huce tun magariba, ta shanye haka nan.
Ta nemi almakashi ta rasa,
sai ta sa haƙori ta kwance ƙullin farko.
A waje ruwa na wanke matakalar marmara.
Katin mai agogo ta mayar gaba,
inda hannu zai fara taɓawa da safe.