Mai Korar Tsuntsaye

Aikina a filin jirgin Yamai
korar tsuntsaye ne.
Shekara goma sha ɗaya ke nan,
ni da tsohuwar mota mai jiniya
da bindigar da ba ta kisa, sai tsawa.

Titi ɗaya ne, masu shi biyu.
Nan, masu akwati da hawayen ban kwana;
can bayan waya, ƴan kaki
da jiragensu masu launin toka
da ba a rubuta lokacin tashinsu a allo.

Balbela ba ta san da wannan rabo ba.
Da damina takan sauka cikin ciyawa
tana tsintar fara,
na Istambul ne ke tafe, na yaƙi ne,
ba ruwanta.
Ni ma haka aka ce in zama.

Ran Laraba kafin asuba
oba-oba ta ce a tsai da na Kasablanka,
soja za su fita.
Na share musu hanya.
Biyu suka wuce, ƙarar har cikin haƙorina,
a ɗayansu akwai Zabairu, ɗan ƙanwata,
wanda na koya wa harbi da danƙo a Talaje.

An ce fasinjoji sun yi ta tsaki
kan minti arba'in.

Ni kuwa ina bakin titi har hantsi,
ko shirwa ban bari ta gitta ba.
Ɗaya ya sauko.
Shayina ya huce a kan mota.

Sai can gabas wani ɗigo.
Tsuntsu ne, ko shi ne?
Ban taɓa kasa bambancewa ba
sai yau.