Bashin Dung

Iya Tasalla ba ta san biro ba,
ba ta taɓa riƙe shi ko da wasa ba,
amma tambaye ta wa ya ɗauki kabeji ran Laraba,
kwando nawa, ruɓaɓɓu nawa a ƙasan kwandon,
za ta zayyano maka kamar mai biya Fatiha.

Shekara talatin da ɗaya a Farin Gada,
kanta ne littafin bashi.
Na ce, Iya, yaya kike yi?
Ta ce, wanda tukunyarsa ke jiran lissafi
ba ya manta ko sisi.

Ni kuwa a ɗakina na Naraguta
kwana uku na yi ina haddar sunayen ƙasusuwa,
ranar jarrabawa suka watse
kamar kajin da aka jefa wa dutse.
Sai ga lambar wayar Nanret,
wadda ta daina ɗauka shekara huɗu ke nan,
tana zaune daram a kaina,
ba ta biyan haya, ba ta da niyyar tashi.

Iya kan nemi carbinta, carbin na wuyanta.
Takan kira ni Lawandi, ta kira ni Sale,
kafin ta iso kan sunana.
Amma ranar da Kawu Ɗanjuma ya faɗi a bakin titi
tana nan da ɗuminta:
ƙanƙara ce ta sauka bayan la'asar,
rigarsa ruwan toka, maɓalli na biyu ya ɓalle,
a aljihunsa ɓarin goro da kuɗin motar Bukuru.
Ta ce warin fetur na motar da ta ɗauke shi
har yau bai bar hancinta ba.

Motar Dung ce, a-kori-kura mai fitila ɗaya.
Ya juye lodin dankalinsa a kwata,
ya shimfiɗa Kawu a baya,
ya kai shi asibiti, ya dawo da shi a lulluɓe.

Bara Dung ya ɗauki karas buhu biyu bashi.
Ina wurin. Ni na rubuta, don na ce zan taya ta.
Da azumi ya zo yana murza hula a hannu,
ya ce, Mama, kuɗin nan...
Ta dube shi, ta dube ni,
ta ce, wane kuɗi? Ni ban tuna ba.

Na buɗe baki, ta taka min ƙafa.

A hanyar gida ta lissafo min masu bashi
goma sha bakwai, har da mai naira hamsin.
Ba ta tsallake kowa ba sai shi.
Na rasa gane ko tsufa ne ya ci wannan layi
ko ita ce ta tauna shi da kanta ta haɗiye.

Da dare na yage shafin.
Yanzu ni ne na kasa mantawa da shi.