Hancin Katkat

Jika tamanin na ƙirga a garejin Tsahiru.
Ya ce, "Da bututun nan motarka ta zama dorina,
ta sha iska ta sama, ruwa ya yi ta haukansa."
Yaronsa ya huda ƙarfe, ba awo, ba alli,
ramin ya yi faɗi, ya cusa tsumma da robar taya,
ya shafe da baƙin danƙo, ya goge hannu a wando.
Kusoshi huɗu aka ba shi. Uku na gani.

Watan takwas Gulbin Maradi ya kawo.
Na ɗauko zogale daga Sumarana,
na kutsa da gadara, ina danna wa masu amalanke oda.
A tsakiya ta yi tari sau biyu,
ta shaƙa ta wuya,
hancin kuwa a bushe, a miƙe,
kamar mai neman jinjirin wata.

Shanun Nomau suka fid da ni, su da na kora.
Bai yi gori ba. Jika uku.

Tsahiru ya zaro tsumman, ya matse shi,
ya ce, "Alhaji, wa ya ce ka shiga ruwa?"