Gado Ɗaya Ya Rage

Ƙarfe biyu da kwata na dare a Hull,
ruwa na dukan taga kamar mai bin bashi.
Shayina ya huce sau uku.
Waya ta ce: Dakta Barira, ki sauko,
mutum biyu ne, gado ɗaya ya rage.

Na farko Desmond, tsohon masunci,
tafin hannunsa kaushi kamar igiyar jirgi.
'Yan sanda suka tsinto shi a gadar Humber
babu takalmi, hoton matarsa a aljihu.
Ya ce iska kawai ya fita sha.
Na ce to. Na ja kujera.
Rabin aikina ke nan, in ce to, in jira
har shiru ya gaji da kansa.
Minti goma sha ɗaya muka yi, sannan ya ce:
"Tun da Maureen ta rasu
ban kunna fitilar falo ba."

Ta biyu Kayleigh, shekara sha tara,
ta cusa auduga a kunnuwa
don bututun ɗumama ɗaki na kiran sunanta.
Kwana biyar ba ta runtsa ba.
Babanta na tsaye, fenti a rigar aikinsa,
idonsa na tambayar abin da bakinsa ya kasa.
Na ce ba laifinka ba ne, ciwo ne,
yana da suna, yana da magani.
Ban ce masa da sauƙi ba.

Doka ta ba ni biro mai nauyin guduma.
In na sa hannu, wani likitan ya sa,
jami'ar jin daɗin jama'a ta amince,
ƙofa za ta rufe bayan yarinyar nan
har kwana ashirin da takwas,
ba ta yi sata ba, ba ta zagi kowa ba.
Na sa. Hannuna ya ɗan yi rawa.
Ran da ya daina rawar
ran nan zan ajiye aikin.

Na buga Leeds, babu. Sheffield, babu.
Wata murya mai barci ta ce akwai a kudu,
mil ɗari biyu da wani abu,
kamar mutum buhun masara ne
da za a loda a kai duk inda rumbu ke da wuri.

A Gumel, Inna na ce wa maƙwabta
'yarta likitar kai ce,
su kuma suna zaton ina leƙa ƙoƙon kai
in karanta gobe kamar wasiƙa.
Inna, ban san gaibu ba.
Tambaya nake yi, in saurara, in auna,
in ɗauki abin da na yanke in kwana da shi.

Na tashi 'yar Desmond daga barci.
Ta zo daga Beverley da rigar sanyi a kan ta barci,
ta kawo masa takalmi.
Muka rubuta a takarda: wa zai riƙe ƙwayoyin,
wa zai ƙwanƙwasa ƙofa ƙarfe tara,
wace lamba za a kira in dare ya yi tsawo.
Ya kalli takardar, ya ninke ta huɗu,
ya sa ta tare da hoton.
Na bi bayansu da ido har mota ta sha kwana.

Gari ya waye, tsuntsayen teku na faɗa kan shara.
Na hau bas, kaina kamar an cika shi da yashi.
Direban na san shi.
Shekara huɗu baya ya jefe ni da kofi,
ya rantse ni ce na sace masa tunani.
Amana ta hana ni fara gaisuwa.
Shi ya ɗaga gira kaɗan, ya ce, "Sanyi yau,"
ya ja mu cikin hazo, mu talatin,
hannunsa a sitiyari ko gezau.

Ƙarfe goma zan kira Desmond
kafin in kwanta.
Tambaya ɗaya gare ni, ta fitila.