Yana Biyu

Akwai yana a idon Baba,
akwai yana a cikin wayata.
Tsakanin yanar nan biyu nake zaune a Tawa,
dare ya raba, kuran ya ɗauke,
ina laluben ɗakin kwana uku a Yamai.

Likita ya ce Talata, bakwai na safe,
ciki wayam, kuma ban da makara.

Hoton farko: gado fari tas, labule shuɗi,
jikka shida, har da kalaci.
Zuciyata ta yi tsallen ɗan akuya.
Na buɗe taswira, na ja ta da yatsu biyu,
sai ga jan ɗigo can gefen gari
inda gudron ya gaji ya zama rairayi,
inda layukan ba su da suna
sai dai a ce "bayan rijiya, ka yi hagu."

Na tashi Tankari daga barci,
shekara sha tara yana jan taksi a birnin.
Ya yi dariya har da tari.
Ya ce, Tsahara, mai hoto a cikin ɗaki ya tsaya,
bai juya ya ɗauki ƙofa ba.
Wannan layin in hadari ya sauka, sai kwalekwale.
Bayan isha'i ko ni ba na shiga,
ba don aljanu ba,
don babu fitila, kuma babu fasinjan dawowa.

Na ce to na hayin kogi fa, jikka bakwai?
Ya ce ki tambayi gada da bakwai saura kwata,
babura, raƙumi da kayan ciyawa, ɗalibai,
kowa da likitan da yake jiransa.

Na kusa da tasha fa?
Nan ya yi shiru kaɗan.
Ya ce mota kam sai kin zaɓa,
amma tsoho mai bandeji a ido
ba ya son oda tun uku na dare.

Na ajiye hotuna, na koma karatun ƙorafi.
Wani ya rubuta: fankar tana kuka kamar gauraka.
Wata ta ce: ruwa ba ya hawa sama, ku nemi ɗakin ƙasa.
Wani kuma, cikin fushi:
mai shayin ƙofa ba ya tashi sai asuba,
rediyonsa, hirar mutanensa, fitilarsa.
Tauraro biyu ya ba su.
Ni a nan na tsaya.

Fitila har asuba.
Idanu goma a kan benci guda
da za su san shigarmu da fitarmu.
Kantin magani taki arba'in,
gudron a bakin ƙofa,
taksi ɗaya, ba canji, har ƙofar asibiti.
Yantala. Jikka sha ɗaya.

Na ƙirga, na sake ƙirgawa.
Kuɗin tunkiyar da na sayar ya rame a tafina.
Amma shidan can da na gani
tana da 'yan rakiya a ɓoye:
shatar mota, tafiyar ƙafa cikin duhu,
hannun Baba yana rawa a kafaɗata.

Daga kan tabarma ya ce, kin samo?
Ashe bai yi barci ba.
Na ce na samo, Baba, ba bene, ba tsani.
Ya ce baƙo dama makaho ne ko da idonsa,
ni kuwa na haɗa biyun.
Ya gyara kwanciya, ya ƙara da cewa,
ki tambaye su ko ana hango Isa daga can,
rabona da shi tun ina saurayi mai tallan albasa.

Taswira ta ce minti goma sha biyu a ƙafa.
Na danna.
Rezo ya yi ta juyi, ya yi ta juyi,
na ɗaga wayar sama wajen bishiyar bedi
har saƙon ya faɗo.